Randunan Gidan Sarkin Abuja

A shekarar 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya shiga gidan Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. Abujar da ake nufi ita ce garin da muke kira Suleja a yau, domin a lokacin babu wata Abuja sai ita. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauki mutumin aiki, ta ce ya zagaya ƙasar ya ga yadda ake ginin tukwane, ya kawo shawarar yadda za a ciyar da sana'ar gaba. A cikin kayan da ya gani a gidan Sarki akwai waɗansu randuna masu faɗin ciki, bakinsu a daidaice, jikinsu an zane shi da ƙadangaru da kifaye da tsuntsaye. Ba don zuba ruwa Sarki ya ajiye su ba, don kyawunsu ne. Aikin wata matashiya ce daga ƙauyen Kwali, sunanta Ladi.

Cardew ya zo Nijeriya yana da shekara 49, kuma a bayansa akwai faɗuwa biyu masu zafi. An haife shi a 1901, ya yi karatun Girkanci da Latin da falsafa a Jami'ar Oxford, amma hankalinsa na wurin laka. Tun yana yaro mahaifinsa ke sayen tukwanen wani tsohon magini na yankin Devon, shi kuma lokacin hutu sai ya tafi wurin magina yana koyo, har ya fito daga jami'ar da sakamako mai rauni. A 1923 ya je garin St Ives ya zama almajirin Bernard Leach, wanda ya koyo sana'ar a Japan. Bayan shekara uku ya karɓi wata tsohuwar ma'aikatar tukwane da ta daɗe a rufe a Winchcombe, ya nemo wani dattijo, Elijah Comfort, wanda ya yi aiki a wurin kafin ta mutu, ya ce ya dawo su tashe ta tare. A 1942 ya tafi ƙasar da muke kira Gana yanzu, ya karɓi ma'aikatar tukwane ta Kwalejin Achimota. Asara ta yi yawa, aka rufe ta a 1945. Ya ƙi komawa gida, ya kwashi ɗan abin da ya tara ya kafa tasa a Vume, bakin Kogin Volta. Can ma laka ta ƙi shi, wuta ta ƙi shi, kaya suna fashewa a tanderu, ciwo ya kama shi. A 1948 ya koma Ingila ba lafiya, ba kuɗi.

Shi kuwa mai masaukinsa, jinin waɗanda suka san rashi ne. Kakanninsa su ne sarakunan Haɓe na Zazzau. A zamanin jihadin Shehu Usmanu aka fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, ya yi ta gwabzawa har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Mutanen da suka tarar a ƙasar, Gbagyi, wato Gwari, da Koro da Gade, zamansu da sabuwar masarautar bai kasance na daɗi kullum ba. Ɗaya daga cikin sarakunan, Ibrahim Iyalai, laƙabinsa Dodon Gwari. Wanda ya san wannan zai gane nauyin abin da Sulaimanu Barau ya yi sa'ad da ya sayi randunan wata Bagwariya ya jera su a gidan sarauta, yana nuna wa baƙi a matsayin abin alfaharin ƙasarsa. Ya yi Kwalejin Katsina, ya yi aikin malanta a Keffi da Bida, ya yi hakimcin Diko, sannan ya hau gadon sarauta a 1944. Ana lissafa shi cikin sarakunan Arewa na farko da suka yi karatun boko mai zurfi. Mutum ne mai idon malamin makaranta, ya saba gane ɗalibi mai baiwa ko daga wane gida ya fito.

An haifi Ladi wajen 1925. Ba ta shiga aji ba ko na kwana ɗaya. A Kwali ginin tukwane aikin mata ne, ita ma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Yadda matan Gbagyi ke gina randa abin kallo ne. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani abin ɗori, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo lakar sama daga ciki. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. In laka ta ƙare sai ta murza wata kamar igiya ta ɗora, ta shafe, ta ci gaba. Ba ma'auni, ba inji, amma in ta miƙe sai ka ga cikin randar ya fito a zagaye, kaurin jikinta ɗaya daga gindi har wuya. Sai a kankare da sakaina, a gyara baki da jiƙaƙƙen tsumma ko ganye, a mirgina tufkakken zare ko ɗan itace mai tsaga a jiki ya bar sawu, sannan a zana da wuƙa. In ta bushe a tara a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta. A wasu garuruwan akan yayyafa wa tukunyar ruwan makuba tun tana da zafi, ta yi duhu ta ƙara ƙwari. Duk macen da ta tashi a gidan magina ta iya wannan. Abin da ya ware Ladi shi ne daidaiton hannunta da kuma zanenta. Takan raba jikin randa gida-gida, ta sa kada a nan, kunama a can, hawainiya, maciji, kifi, kowanne ya cika gurbinsa ba tare da ya matse na kusa da shi ba.

Da Cardew ya gama zagayensa, rahoton da ya rubuta ya saɓa wa abin da mutane da yawa suke jira. Ya nuna cewa tukwanen gargajiya na ƙasar nan ba su bukatar wani ya gyara su: suna da araha, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa, kuma masu yin su gwanaye ne. Shawararsa ita ce a bar su yadda suke, a kafa wata sana'a dabam a gefensu, ta kayan tangaran irin su faranti da kofi da butar shayi, waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ina ganin wahalar Achimota da Vume ce ta koya masa wannan ladabi. Mutumin da laka ta kayar da shi sau biyu ba zai tsaya gaban matar da ke gina randa da hannu kawai ya ce zai koya mata aiki ba.

Aka zaɓi Abuja, ko da yake jirgin ƙasa ba ya bi ta nan. Akwai yumɓu mai kyau, akwai itace, akwai ruwa, ga kuma Sarki da ya buɗe ƙofa. A 1952 Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki. Ɗaliban farko duk maza ne, cikin waɗanda suka yi suna daga baya akwai Bawa Ushafa da Peter Gboko, ga kuma Kofi Athey da ya biyo Cardew daga Vume. Kusan komai a nan ake haɗa shi. A haƙo laka, a niƙa dutse, a samo farar ƙasa daga filayen kuza na Jos, a gina tanderu da bulon da aka yi da hannu, a yi ta zuba itace dare da rana har zafi ya kusa digiri 1300. Wutar fili da mata ke gasa randa da ita da wuya ta wuce digiri 800. Hatimin da ake bugawa a gindin kowane kaya kuwa sunan Abuja ne da rubutun ajami.

A watan Disamba na 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko. Ta zo ne a matsayin gwana wadda Sarki ke sayen aikinta, amma ta zauna a kan injin juyi da ake takawa da ƙafa kamar kowane sabon ɗalibi. Ga wadda ta saba zagaya tukunya, yanzu tukunya ce ke zagayawa ita tana zaune, hannu sai ya sake koyon komai daga farko. Ta koya. Ta yi farantai da kwanuka da kofuna da butoci, ta shafa musu ruwan ƙyalli, ta zana ƙadangarunta a jiki, ta buga musu haruffan sunanta biyu, LK.

Amma ba ta bar randa ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da lakar cibiyar mai jure babbar wuta. Ta zana dabbobinta da wuƙa, a cike tsagar da farar ƙasa, a shafe jikin da ruwan ƙyalli mai ɗan kore ko mai duhu, a sa a tanderu. Abin da ke fitowa ba a taɓa ganin irinsa ba, ko a Kwali ko a Ingila: siffar ta Gbagyi, ƙyallin na tangaran, zanen ya fito fari tas a ƙarƙashinsa.

Akwai wata gaskiya game da waɗannan randuna da masu yabo kan tsallake. Ba su sanyaya ruwa. Randar gargajiya tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsatsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Da aka gasa ta da babbar wuta aka rufe ta da ƙyalli, ƙofofin sun toshe, nauyinta kuma ya ninka har mace ba za ta iya ɗaukarta zuwa rafi ba. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan ado. Haka cibiyar ita ma ba ta cim ma burinta na farko ba. An so talaka ya riƙa cin abinci a farantin da aka yi a ƙasarsa, amma kwanon langa mai araha ya riga ya cika kasuwa, ba ya fashewa in ya faɗi. Masu sayen kayan Abuja sai suka zama Turawa da manyan ma'aikata da gidajen nunin kayan fasaha na ƙasashen waje. Wannan ba ya rage wa Ladi komai a wurina. Matan Kwali da Ushafa sun ci gaba da gina randar da ke sanyaya ruwa, ita kuma ta gina wadda ta sa duniya ta waiwayo ta dubi aikinsu. Sai dai duk mai son ya koyi wani abu daga labarin ya kamata ya san abin da aka samu da abin da aka rasa a wannan canji.

Daga 1958 aka fara nuna kayan Abuja a wani gidan baje kolin fasaha na Landan mai suna Berkeley Galleries, aka sake a 1959 da 1962, randunan Ladi su ne kan gaba. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta gina randa a gaban malamai da ɗalibai a Royal College of Art da Farnham da Wenford Bridge, inda Cardew ke da ma'aikatarsa. Ba ta bukaci tafinta mai yawa ba, ta sunkuya ta zagaya laka, mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan injin juyi suna kallo. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A gida kuwa ƙofar da ta buɗe ba ta rufu ba: Halima Audu ta shigo, sai Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, har aka ware musu wurin aikinsu da ake kira Ɗakin Gwari. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya karɓi cibiyar. A 1972 Ladi da Cardew da Kofi Athey suka zagaya Amurka suna nuna aikinsu a jami'o'i.

Littattafai biyu sun fito daga wannan gari a wannan zamani, kuma ina jin takaicin yadda matasanmu ba su san su ba. Na farko shi ne tarihin masarautar da Malam Hassan, Sarkin Ruwa wanda daga baya ya zama Dallatun Abuja, ya rubuta da Hausa tare da Malam Shu'aibu Na'ibi. Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci, aka buga shi da sunan A Chronicle of Abuja a 1952, shekarar da aka buɗe cibiyar tukwane. A ciki suka tsara labarin fitowar Makau daga Zariya da kafa gari da yaƙe-yaƙe da sarautu da bukukuwa. Da masani M. G. Smith ya zo rubuta Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, bayanan Malam Hassan ya dogara da su wajen gane yadda Haɓe suka yi mulkin Zazzau kafin jihadi, domin tsarin da aka rushe a Zariya a Abuja ya tsira. Mutum biyu suka zauna suka tambayi tsofaffi suka rubuta, ga shi har yau duk mai binciken tarihin Zazzau sai ya bi ta kansu.

Na biyu shi ne Pioneer Pottery na Cardew, wanda ya fito a 1969. Littafi ne na mutumin da ya sami kansa inda babu kantin da zai sayi komai: yadda za ka gane laka, yadda za ka gwada dutse, yadda za ka gina tanderu, yadda za ka karanta wuta. Magina a ƙasashe da yawa suka riƙe shi a matsayin jagora. Ilimin da ke ciki kuwa daga tukwanen da suka fashe a Vume da gwaje-gwajen Abuja aka tara shi.

A tashoshin mota na Suleja da bakin hanyar Kaduna, daga Tafa har mararrabar Diko, za ka ga masu talla da littattafan yadda ake zama attajiri, akasari labarin mutanen Amurka. Ban hana kowa karanta su ba, karatu ba ya ɓaci. Amma yaron Sabon Wuse da ke koyon walda ko ɗinki ko gyaran waya, wanda jarinsa hannunsa ne da maigidan da ke koya masa, halinsa ya fi kusa da na Ladi Kwali nesa ba kusa ba. Ta fara da abin da ke gidansu, ta ƙware a kai har ya yi mata magana a inda ba ta taɓa zuwa ba. Da dama ta zo, tana da suna amma ta yarda ta koma ɗaliba. Da ta iya sabon, ba ta ji kunyar tsohon ba. Na ukun nan ya fi wuya, domin mun sha ganin wanda ya sami ɗan ilimin zamani ya fara raina sana'ar da aka ciyar da shi da ita. Akwai kuma abin koyo ga masu riƙe da wuƙa da nama. Da Sarki bai sayi randunan nan ya ajiye inda baƙo zai gani ba, da wataƙila Ladi ta ƙare rayuwarta gwanar Kwali kaɗai, kamar ɗimbin gwanayen da suka riga ta waɗanda ba wanda ya riƙe sunansu.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa. Yanki mai yawa na masarautar Abuja ya faɗa ciki, har da Kwali. Sunan garin ma aka nema, masarauta ta bayar, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sulaimanu Barau. Mutanen Wuse da aka tasa saboda ginin sabon birnin aka kawo su Sabon Wuse, wanda yanzu shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa. Zuri'ar da ta bar Zariya ta kafa Abuja ta sake rabuwa da ƙasa da suna, wannan karon ba da yaƙi ba. Sarki ya rasu a 1979.

Ladi ta ci gaba da aikinta a cibiyar. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 ta karɓi lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke ba masana, a 1981 aka ƙara mata lambar OON. Cardew ya mutu a 1983, ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. An sa wa cibiyar sunanta, an sa wa wani babban titi na sabuwar Abuja sunanta. Takardar naira 20 da aka sake wa fasali a 2007 tana ɗauke da Murtala a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar Ladi ce tana gini. Ita kanta cibiyar ta Suleja ta yi shekaru cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kuma wannan abin kunya ne ga jihar da ke da irin wannan gado.

Sana'ar dai ta yi tafiya. A 1974 wata ɗaliba 'yar ƙasar Kenya, Magdalene Odundo, wadda ke karatu a kwalejin fasaha ta Farnham, ta bi shawarar Cardew ta zo Abuja. Ta zauna da Ladi Kwali da sauran matan Ɗakin Gwari, suka koya mata zagaya laka da jawo ta da hannu. Ta koma Ingila ta gina aikinta kaf a kan wannan hanya, ba ta dogara da injin juyi ba. Yau tukwanenta suna manyan gidajen tarihi na Landan da New York. A 2018 aka naɗa ta uwar Jami'ar University for the Creative Arts, wadda tsohuwar kwalejinta ta Farnham ke cikinta, a 2020 kuma aka ba ta sarautar Dame. In ana hira da ita a kan inda ta koyi aiki, takan ambaci Ladi Kwali da Asibi Ido da Lami Toto.